Likita na amsa tambayoyinku: furotin masu rainon ƙwaƙwalwa da ciwon mantuwa

Tambaya: Likita, wai akwai furotin da ke hana ƙwaƙwalwa tsufa?

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya, sai dai an zuzuta. Jiki yana ƙera wasu furotin da ke rainon ƙwayoyin jijiya: su hana su mutuwa, su sa su yi rassa su kama juna. Na farkonsu, NGF, Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya ce ta gano shi a shekarun 1950, ta kuma samu kyautar Nobel tare da Stanley Cohen a 1986. An gano wani irinsa mai suna BDNF a Jamus a 1982. Shi ne ke ƙarfafa mahaɗar ƙwayoyin duk sa'ad da ka koyi sabon abu.

Tambaya: Mahaifiyata mai shekara 74 takan tambaye ni abu ɗaya sau biyar a awa guda, amma labarin ƙuruciyarta ba ta manta komai ba. Ƙarancin furotin ɗin ne?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, 'yar uwa. Abin da kika faɗa ya yi kama da farkon cutar Alzaima, wani nau'in ciwon mantuwa. Tana fara taɓa hifokamfus, sashen da ke karɓar sabon labari ya adana, shi ya sa na jiya ke zubewa, na shekara hamsin yana nan daram. An ga BDNF yana raguwa a wannan sashe, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai gurɓatattun furotin biyu, amiloyid da tawu, da ke taruwa su lalata ƙwayoyin. Roƙona, kada ku ce tsufa ne ku zauna. Ku kai ta asibiti a duba sinadarin tayirod (wanda wani ƙullutu da ke wuya ke samarwa) da bitamin B12, a bincika ko tana da ciwon damuwa, a kuma ga magungunan da take sha. Waɗannan kan kawo mantuwa, kuma suna da magani. In ta maimaita tambaya, ki amsa mata kamar yanzu kika fara ji. Ba da gangan take yi ba.

Tambaya: Na ga ana tallar ƙwayar ƙara BDNF a intanet. In saya?

Amsa: Riƙe kuɗinka, Malam. Furotin in aka haɗiye shi, ciki narkar da shi yake kamar kowane abinci. Ko ta allura aka ba da shi, akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ba ya barinsa ya wuce. Likitoci a Suwidin sun taɓa zuba NGF kai tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwar wasu majinyata, sai ga ciwon baya da rama. A Amurka kuma an gwada dasa ƙwayar halittarsa ta hanyar tiyata, sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna amfani ba. Abin da ya gagari tiyata, ina ƙwayar kwalba za ta iya?

Tambaya: To me zan yi da kaina? Shekaruna 60.

Amsa: Tafiya da ƙafa. Motsa jiki yana ƙara BDNF. A wani bincike na Amurka a 2011, tsofaffi da suka yi shekara suna tafiya da sauri sau uku a mako, hifokamfus ɗinsu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari. Ka fara da minti goma, ka riƙa ƙarawa har arba'in. Ka samu isasshen barci, ka kula da hawan jini da suga, in kuma jinka ya fara raguwa, je a gwada kunnen.