Wace tasha zan kunna wa yara?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga Garwa nake. Yarana kullum Nat Geo Wild, zakuna da kadoji kawai, ni kuma na fi son Planète+ saboda tarihi, to wacce ta fi amfani? Maman yara

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, gaskiya kar ki hana su, ai dabbobin nan suna nan kusa da ku, dorinar ruwa a kogin Binuwai, raƙuman dawa a gandun dajin Waza, kuma tunda da Faransanci ake bayani kunnensu na sabawa da harshen makaranta. Planète+ sai sun ƙara girma, wasu shirye-shiryen yaƙi sun yi musu nauyi. Ki zauna da su dai, in an gama ki tambaye su me suka gane.