Amsa ga Alhajin da aka yi wa tayin ribar kashi 8 duk wata

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari. Na karanta tambayarka: kuɗin marayu ne a hannunka, wani kamfanin zuba jari a nan cikin gari ya ce ka kawo su juya a hatsi a kasuwar Dawanau da kuma filaye, su riƙa ba ka ribar kashi 8 cikin 100 duk wata, uwar kuɗi kuma ba abin da zai taɓa ta. Sun ba ka satifiket ɗin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da rahoton kuɗi mai shafi huɗu, kana son sanin yadda za ka gane ko rahoton na gaskiya ne. Sana'ata ke nan. Na fara aiki a ofishin masu binciken kuɗi, daga baya na koma sashen lissafi na wani kamfanin zuba jari, don haka na rubuta irin wannan rahoto da hannuna, na kuma bincika na wasu.

Satifiket ɗin CAC ka ajiye shi gefe tukuna. Abin da yake nunawa kawai shi ne akwai kamfani mai wannan suna, kuma mai gidan burodi ma yana da irinsa. Wanda zai karɓi kuɗin jama'a ya juya musu, rajistar SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari, yake buƙata, kuma rajistar ta kasance ta sarrafa jarin mutane ce, ba ta wani aikin daban ba. SEC tana da jerin sunayen waɗanda ta yi wa rajista a shafinta na intanet, tana kuma da ofis a nan Kano. Kada ka yarda da hoton takarda a waya, kai da kanka ka nemo sunan. Dokar zuba jari ta 2025 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu tsarin nan na biyan tsohon mai jari da kuɗin sabon shiga. Sai dai ɗaurin wani ba ya dawo da kuɗin maraya. Waɗanda irin wannan tsari ya ci, na MMM a ƙarshen 2016 da na CBEX a 2025, za su gaya maka. Ka kuma sani inshorar NDIC da ke biyan masu ajiya in banki ya rushe, wadda aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 a 2024, ta masu ajiya a bankunan kasuwanci ce. Jarin da ka kai kamfani irin wannan ba ya cikinta.

Shafi huɗun nan ba rahoton kuɗi ba ne, talla ce. Cikakken rahoton shekara yana da bayanin kadarori da basussuka, da na riba da asara, da na shige da ficen tsabar kuɗi, sannan ga ƙarin bayani a baya, wanda shi ne ya fi yawa kuma a nan ake binne maganar da ba a son a gani. Ka ce su ba ka na shekara uku a jere. In suka ce sirrin kamfani ne, ka riga ka sami amsarka, don wanda yake neman ka ba shi amana ba shi da sirrin lissafi a wurinka.

In sun ba ka, ka fara buɗe shafin odita, wato mai binciken kuɗi na waje da ya duba lissafin. Ka ga sunan ofishinsa, da sa hannunsa, da lambarsa ta FRC, hukumar da aka kafa da dokar 2011 don sa ido kan rahotannin kuɗi. Sannan ka kira ofishin ko ka je, ka tambaya ko su suka yi aikin, domin hatimi da kan takarda ba su da wuyar bugawa. Sai ka karanta ra'ayinsa a tsanake, ko ka sa wani akanta ya karanta maka. Wani odita zai ce lissafin ya nuna gaskiyar halin kamfanin, shi ke nan. Wani zai ce ya nuna gaskiya "ban da" abu kaza, kuma wannan abu kazan shi ne duk labarin. Wani kuwa zai ce bai sami hujjar da zai ba da ra'ayi ba sam. In ka ga ya rubuta cewa akwai shakku kan ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki, ka tashi kawai. In kuma kowace shekara sabon odita ne, ka tambayi dalili, ruwa ba ya tsami banza.

Inda nake so ka daɗe shi ne shafin shige da ficen tsabar kuɗi. Riba ana iya rubuta ta ba tare da kwabo ya shigo ba. Kamfani ya sayi fili naira miliyan 50, ƙarshen shekara ya nemo mai kimanta kadara ya ce yanzu ya kai miliyan 90, sai a rubuta ribar miliyan 40. Ba wanda ya taya filin, ba wanda ya biya. Ko a sayar wa wani dillali kaya bashi, a rubuta ciniki, kuɗin kuwa sai dai a yi ta cika baki. Shi wannan shafi ba ya karɓar irin wannan. Kashi uku yake: abin da ainihin kasuwancin ya kawo, abin da aka saye ko aka sayar na kadara, da abin da aka karɓo daga masu jari ko aka ranto. Ka ɗauki jimlar ribar da suka raba wa mutane a shekarar, ka auna ta da kashin farko. In sun raba miliyan 300 alhali hatsi da filayen miliyan 40 suka kawo, sauran daga ina? Daga aljihun wanda ya shigo bayanka. Wannan lissafin ko yaron kanti zai yi shi, amma da wuya ka ga mai jari ya yi, don kowa idonsa na kan layin riba.

Kuɗin da suka ce suna banki ma da abin dubawa. Na taɓa bincika wani kamfani da rahotonsa ya nuna kuɗi masu kauri a asusu ranar 31 ga Disamba. Banki ya tabbatar da adadin a rubuce, ba ƙarya a ciki. Da muka nemi takardar asusun ta watannin Disamba da Janairu, sai ga shi kuɗin sun shigo ana saura kwana biyu shekara ta ƙare, daga asusun wani aminin mai kamfanin, suka koma inda suka fito a makon farko na sabuwar shekara. Aron su aka yi don a ɗauki hoto. Saboda haka ake duba asusu wata-wata, ba rana ɗaya ba.

Hatsin kuma gani ya kori ji. Ka ce a kai ka siton, kuma kai za ka zaɓi ranar. In ka shiga kada ka tsaya a bakin ƙofa kana kallon jerin buhuna har rufi. Ka sa ɗan dako ya hau sama ya leƙa tsakiya, domin ana jera buhu ta gaba da gefe a bar rami a ciki. Ka sa a soki buhu daga can ƙasa da na ƙurya a ga abin da ke ciki, wake ne ko garin da ƙwari suka bari. Ka lissafa layi da tsawo da tsayi ka kwatanta da littafin sito. Sannan ka ja mai gadi ko maƙwabcin sito gefe ka tambaye shi kayan wa ye. Sito ɗaya ana iya nuna wa masu kuɗi uku a mako guda, kowa ya tafi yana ganin nasa ne. Ka tambayi takardar inshorar gobara ko takaful, wato inshorar Musulunci, don mu a garin nan ba sai an ba mu labarin gobarar kasuwa ba.

Sai farashin da aka rubuta kayan da shi. Ƙa'idar lissafin kamfanoni ta duniya, IFRS, wadda Nijeriya ta fara aiki da ita a 2012, ta ce a auna kayan sito da kuɗin da aka saye su da kuma abin da za a samu in an sayar, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Waɗanda suka cika sito da masara da tsada a kakar 2024, suna jiran ta ƙara tashi kamar shekarun baya, sun ga yadda farashi ya faɗo a 2025. Kamfanin da yake cikin harkar hatsi da gaske dole wannan faɗuwar ta bar tabo a rahotonsa. In ka ga ribarsu tana tafiya sumul, wata bayan wata, kaka da bazara da damina duk ɗaya, to ba daga Dawanau take fitowa ba.

A ƙarin bayanin baya, nemi inda aka lissafa hulɗar kamfanin da daraktocinsa da 'yan'uwansu. A ganina wannan ya fi kashe kamfanonin garin nan fiye da damfara tsagwaronta. Mutumin kirki ne, ya fara da niyya mai kyau, sai ƙaninsa ya buƙaci jari, sai surukinsa ya sayar wa kamfanin fili a farashin da ya ga dama, sai a ɗauki na masu jari a toshe ramin wani kantinsa da niyyar za a mayar bayan Sallah. Kunya ta hana akanta magana, don mai gida ne ya ɗauke shi aiki, wataƙila ma shi ya yi masa aure.

Wannan ya kawo ni kan kula da haɗari, wanda mutane suke ɗauka wani kundi ne a kan kanta. Ni tambaya ɗaya nake yi: wa ye a kamfanin zai iya ce wa shugaba a'a, gobe kuma ya dawo ofis? A asusun haɗaka mai rajistar SEC, inda ake tara kuɗin mutane da yawa a juya tare, mai juya kuɗi daban, mai ajiyar kadarorin daban, galibi banki, amintattun da ke tsaya wa masu jari su ma daban. Mai juyawa ba zai iya kwashe kuɗin shi kaɗai ba. Ka tambaye su sunan mai ajiyarsu. Ka duba asusun da suka ce ka tura kuɗi, in da sunan mutum ne ko na wani kamfanin daban, magana ta ƙare. Ka tambaya mutum nawa ke sa hannu kafin kuɗi su fita, da kuma ko akwai iyakar abin da za su zuba a kaya iri ɗaya ko hannun dillali ɗaya.

Haɗarin da na fi gani da idona shi ne na lokaci. An ce wa masu jari kowa zai iya karɓar kuɗinsa in ya ba da sanarwar wata ɗaya, alhali an binne kuɗin a filayen da sai a shekara ba a sami mai saye ba. A Kano kuwa buƙata tare take zuwa: azumi, kuɗin kujerar Hajji, kayan Sallah, kuɗin makaranta a Satumba. Na ga lokacin da takardun neman cire kuɗi suka taru a teburina, ga kadara a littafi ta ninka abin da ake binmu, amma abin da ke banki bai kai na mutum goma ba. Sai da aka karyar da fili aka sallami mutane. Kamfanin da ya san aikinsa yana da jadawalin abin da zai biya wata uku masu zuwa da inda kuɗin za su fito, yana kuma ware wani kaso da ba ya taɓawa. Ka tambaye su ko akwai bashin dala a kansu. Daga Yunin 2023 zuwa farkon 2024 dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500, manyan kamfanoni ma sun rubuta asara mai nauyi a kan haka.

Kashi 8 ɗin nan kuma, ka ninka shi sau 12, kashi 96 ke nan a shekara. A 2024, lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5, takardun bashin gwamnati na shekara ɗaya kashi 20 da 'yan kai suke bayarwa. Sukuk, takardar jari marar ruwa, na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, kashi 16.47 ya bayar a shekara. Ɗan kasuwa yana iya ninka kuɗinsa a riɗi ko zoɓo a shekara mai kyau, ban musa ba, amma ba zai iya yi maka alƙawarinsa tun kafin a yi shuka ba. In kasuwancin nasu yana kawo haka tabbas, da banki suka nufa suka ranta da rahusa, ba su biyo ka har kanti ba.

Na ga ka ce sun tabbatar maka halal ne, mudaraba ce. Ban zama malami ba, ka kai wa malamai takardar yarjejeniyar su duba. Amma abin da aka sani a mudaraba shi ne ana yanka rabon riba ne, kamar kashi 60 naka 40 nasu daga abin da aka samu, ba a yanka adadi a kan uwar kuɗi, kuma in aka yi asara ba da sakacin mai juyawa ba, mai kuɗi ne ke ɗauka. Wanda ya lamunce maka uwar kuɗi ya kuma yanka maka riba tsayayya, ya fita daga wannan tsari ko da wane suna ya kira shi. Ka tambayi su wa ye malaman da ke sa musu ido, da ko suna fitar da rahoto duk shekara.

Da ni ne da kuɗin marayu, Alhaji, ba zan kai su nan ba ko da rahoton ya fito fes, sai in na ga rajistar SEC da mai ajiya daban. Zan raba su: wani kaso a sukuk na gwamnati in an buɗe sayarwa, wani a asusun haɗaka na halal mai rajista, wani a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa don kuɗin makaranta da asibiti. Ribar ba za ta burge kowa ba, wata shekarar ma tsadar kaya za ta cinye ta. Duk abin da ka yi ka rubuta, mahaifiyarsu ta sani, da shaidu biyu daga dangi, ka ajiye kowane rasit don ranar da yaran za su girma su tambaya.

In sun ba ka cikakken rahoton, ka ɗauki hoton shafin odita, da na shige da ficen kuɗi, da na hulɗar daraktoci, ka rufe sunan kamfanin ka turo mu duba tare. Kafin nan kada ka ba da ko na kafin alƙalami.