Amsa: ina za a ɗaure baƙar wayar cajar batir a motar kwana?

Salamu alaikum, ɗan'uwa na Marwa. Ka ce ka saka caja mai amfiya 30 a bas ɗin da ka mayar ɗakin kwana, ka ɗaure baƙar wayarta a jikin bodi, amma waya na zafi, batir kuma ba ya cika.

Ni dai shawarata, ja wayoyin biyu, ja da baƙa, kai tsaye zuwa batir, kaurinsu ɗaya. Idan tazarar ba ta wuce mita 3 ba, waya mai kaurin sukwaya milimita 10 ta isa. Daga kan batir ɗin da baƙar waya take sai ka fitar da waya guda mai kauri zuwa shasi, wato ƙarfen gindin mota. Fiyus mai amfiya 40 kuwa a kan jar waya yake zama, dab da batir.

Bodi ba abin dogaro ba ne. Na taɓa yin irin naka a Garwa, da na kwance kusar sai ga fenti da jar ƙura da tsatsa a ƙarƙashinta, ƙarfe bai ma taɓa ƙarfe ba. Sai da na kankare da sanfefa har ya yi ƙyalli, na ɗaure tamau, na shafa giris a kai.

Ɓangaren wutar gida mai bolt 220 daban ne, kuma shi ke kisa. Wayar nan mai launin kore da rawaya, wato wayar ƙasa, ita za ka haɗa da shasi, kada ka kuskura ka haɗa shuɗiyar. Ka sa makunnin da ke tsinke wuta idan yoyonta ya kai miliamfiya 30, domin soket da yawa a gidajenmu ba a binne musu wayar ƙasa ba.

Cajar kuma ka bar mata iska, ka san zafin Afrilu a nan.