Amsa: Maganin homon bayan ɗaukewar al'ada ga mai ciwon zuciya

'Yar'uwa, Allah Ya ƙara miki lafiya. Kin ce kin taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, yanzu kuma al'ada ta ɗauke, zafin jiki da gumin dare sun hana ki barci, har wata ta ce estirojin, wato homon (sinadarin jiki) na mata da ke raguwa idan al'ada ta ɗauke, zai gyara miki jijiyoyin jini. Don Allah kada ki fara sha da wannan niyya.

A da likitoci ma haka suka zata, domin estirojin yana rage mugun kitse a jini. Sai wani binciken Amurka mai suna HERS ya fito a 1998, kan mata 2,763 masu ciwon zuciya: maganin homon bai rage aukuwar toshewar jijiyar zuciya ba, a shekarar farko ma matsalar ƙaruwa ta yi, gudan jini a jijiya kuwa ya kusan ninka uku. Jijiyar da kitse ya riga ya daskare a bangonta ba ta karɓar homon kamar lafiyayya. Wannan ne abin da nake ji miki tsoro.

Wahalar gumin nan gaskiya ce, na sani. Akwai magungunan da ba na homon ba masu rage ta. Ki kai wa likitan zuciyarki maganar, ki ci gaba da shan maganin hawan jini da na kitse.