Kada mai kaya ya san lambar mai yankanka

Ka ce yanzu da aka yaye ka ka kama shago, kana so ka san yara nawa za ka ɗauka da yadda za ka biya su don kada su watse maka da azumi. Ɗana, yawancin yaran da ke barin shagon tela janye su ake yi, kuma mai janyewar yakan zama wanda kake ba wa kujera a cikin shagon.

Akwai wani maigida a layinmu nan Fagge, tela na gaske, wanda har yau idan na tuna abin da aka yi masa raina ɓaci yake. Wani dillalin anko ya kawo masa shadda ta kaftani talatin, ya ba da kafin alƙalami ɗan kaɗan, ya ce sauran sai an gama. Daga nan kullum yana shagon wai duba aiki, kuma ba ya zuwa sai lokacin da maigidan ya tafi Kantin Kwari sayen zare. Ya zauna kusa da teburin yanka, ya aika a sayo wa yara tsire, har ya gane wa ke riƙe da almakashi, wa ke kan injin surfani. Azumi ya kai goma sha biyar mai yankan ya ce gyatumarsa ba lafiya a ƙauye. Aka ba shi kuɗin mota, ga bashin da ke kansa tun bara. Ashe dillalin ya saya masa keke ya kama masa ɗaki a wata unguwa, kuma yaron ya riga ya ɗauki hoton littafin awo kaf a wayarsa, da sunaye da lambobin masu kaya. Ya bar yankakkiyar shaddar mutane a jibge ba suna ba alama, shi kaɗai ya san ta wane ce. Shadda yadi biyar idan almakashi ya shige ta ba ta komawa. Maigidan ya biya mutane kayansu daga aljihunsa, dillalin kuma ya hana cikon kuɗin anko, wai an yi masa latti. Shi ya jawo lattin!

To littafin awo a durowarka yake kwana, da makulli. Mai yanka takardar kaya ɗaya za ka ba shi, awo da lambar aiki kawai. Duk abin da aka yanka a rubuta wannan lambar da alli a bayan ƙyallen, a ɗaure shi a leda ɗaya da guntayensa. Ciniki da karɓar kuɗi bakinka ne kaɗai. Aikin anko kuwa kada almakashi ya taɓa shi sai an ba ka rabin kuɗi.

Yawan yara ba zan ɓata baki a kansa ba, ƙirga kekunanka. Abin da nake so ka ji shi ne kada yanka ya zauna a hannun mutum ɗaya. Kai ka riƙe shi, ka koya wa wani na biyu tun watan Rajab.

Biya kuma da kai-kai ake yinsa, kowane kaftani da kuɗinsa. A ce kuɗin ɗinki naira 6,000 ne: ka fara cire zare, maɓalli, gam da fetur, sannan a raba abin da ya saura yadda kuka yi da yaron. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk wanda ya raba kuɗi bai cire na janareta ba, daga ribarsa yake biyan yara. Za su zo maka da zancen mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, don a waya suka gani. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma hau kan masu aikin kai-kai ba. Amma wannan bai ba ka damar cin guminsu ba. Ka tsayar da rana guda a mako, ka biya ko masu kaya ba su biya ka ba. Wanda ka ce masa "gobe" sau biyu, ka riga ka buɗe wa dillali ƙofa. Bashi kada ya wuce abin da yaro zai iya biya da aikin mako biyu, domin idan ya yi masa yawa guduwa ta fi masa sauƙi.

Yaran yanzu wata shida a kan keke sun fara kiran kansu dizaina a Instagram, alhali ba su iya daidaita wuyan kaftani ba. Kada ka ɗauki kowa sai ubansa ko wansa ya zo ya zauna, an rubuta sharaɗi an sa hannu gaban shaida. Dokar ƙwadago ma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. A cikin takardar ka sa cewa ba mai ajiye aiki daga farkon Sha'aban zuwa bayan ƙaramar Sallah, kuma wanda ya kawo yaron ne zai biya bashin da ya bari.