Amsar Oga kan Hilux ɗin Alhaji da ke yawo a titi bayan an ɗaga ta

Jama'a, ga saƙonnin muryar da suka shigo daren jiya, na rubuta su saboda masu ƙarancin data. Tambayar Alhaji ita ce: Hilux ɗinsa ƙirar 2012 an ɗaga gabanta inci 3 da sifesa (ƙarin da ake sawa a saman shokozoba don mota ta ɗagu), an sa bulo a baya tsakanin aksul da sifirin, an sa taya 285/70R17. Tun daga nan take yawo a kwalta, sitiyari ba ya komowa bayan an sha kwana, tana bugawa a rami, tana karkarwa wajen tashi. An yi alaimen sau biyu, yanzu an ce ya sayi sabbin shokozoba.

Muryar Oga ta farko

Assalamu alaikum mutanen gida. Alhaji, ranka ya daɗe, na saurari muryarka har sau biyu. Kuɗin shokozoban nan, mayar da shi aljihu tukuna. Shokozoba in ya mutu lilo mota take yi, a wuce rami ta ci gaba da tsalle sau uku sau huɗu. Motar da kai kake binta da gyaran sitiyari hagu dama kamar mai koran akuya, wannan ciwon daga wani wuri yake.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi, iska. Mai faci in ya ga ƙatuwar taya sai ya ɗura mata psi 50 ko 55, don ya ga babbar lamba a gefenta. Lambar nan iyakar abin da tayar ke ɗauka ne da cikakken kaya. Taka tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Motar da babu kaya, 30 zuwa 35 ya ishe ta. Ka auna da safe kafin ta motsa, don sanyin Jos da zafin Akwanga ba ɗaya ba ne, duk digiri 5 ko 6 na zafi yana ƙara wa geji kusan 1. Sai ka ɗauki alli ka ja layi a faɗin tayar, ka yi tafiyar mita 50 a miƙe. In tsakiyar layin kaɗai ya goge, iska ta yi yawa, motar a kan tsini take tafiya. In tayoyin na hannu ne, duba lambobi huɗun nan na gefe: 2318 na nufin mako na 23, shekarar 2018. Tsohuwar roba ta bushe, ba ta kama kwalta ko da zanenta na nan.

Na biyu, nemo abin da ke lako-lako. Mota a ƙasa, yaro ya zauna yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, bakanike ya kwanta ya ɗora tafin hannunsa kan kowace gaɓa: tayarod da rak-en (sandunan da ke kai motsin sitiyari zuwa taya), da bushin robar da ke riƙe da rak ɗin sitiyarin kansa. Abin da ido bai gani ba hannu zai ji, wani ɗan ƙas-ƙas. Sannan a ɗaga da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta motsa, boris ne ko boljoyin, wato gaɓar da ke haɗa ƙafar mota da hannuwanta. A kama hagu da dama, in ta motsa, tayarod ne ko rak-en. Boljoyin na ƙasa kuwa sai an sa liba ƙarƙashin taya an ɗaga, don nauyi na danne shi, yana ɓoye wasansa. Tsohuwar gaɓa da ta haƙura da ƙaramar taya, ranar da aka ɗora mata 285 ranar take tona asirin kanta. Kuma a duba sitabilaiza, sandar da ke rage wa mota tangaɗi a kwana, akwai masu cire ƙafafunta in sun ga ba su kai ba bayan ɗagawa, su yi shiru.

Murya ta biyu

To, yanzu ga inda nake zargi, kasta. Dubi gaban babur, ka ga fok ɗinsa ba a tsaye cak yake ba, samansa ya kwanto baya. Kwanciyar nan ce ke sa babur ya miƙe da kansa ko an saki hannu. Ƙafar mota ma haka take: boljoyin na sama yana ɗan bayan na ƙasa. Da aka ɗaga motarka, hannun sama da hannun ƙasa, wato ofa-am da lowa-am, suka sunkuya, kwanciyar nan ta ragu. Motar da ya kamata ta sami digiri 2 zuwa 3 sai ka tarar ta koma 1 ko ƙasa da haka. Shi ya sa sitiyari ya yi sakayau, ba ya komowa, kuma duk babbar motar da ta wuce ka a hanyar Bauchi sai iskarta ta ture ka.

Za ka ce ai an yi alaimen sau biyu. Alhaji, wane takarda suka ba ka? Yawancin wuraren nan tayarod kawai suke murɗawa, su daidaita bakin tayoyi, sitiyari ya miƙe, su karɓi kuɗi. Kasta da kamba (karkatar saman taya ciki ko waje) ba a can ake saita su ba. A gindin hannun ƙasa ake yi, akwai ƙusoshi biyu kowane gefe masu faifan da raminsa ba ya tsakiya. Leƙa da tocilan ka gani da idonka. In ka tarar da jar ƙasa da tsatsa sun lulluɓe su, babu ko shatin sifana a kan noti, to ba wanda ya taɓa su. Sau da yawa ma sun kafe a cikin bushin, ba sa juyawa, mai alaimen ya gwada ya ji tauri ya bar su bai faɗa maka ba. In sun kafe, a jiƙa su da man sassauta tsatsa kwana biyu. In sun ƙi, yankewa ake yi a sa sabbin bushin da ƙusoshi, a shafe su da giris kafin a zura. Kada a yarda a gasa su da wuta har robar ta ƙone sannan a mayar.

Wajen saitawa, faifan baya ake turowa waje, na gaba a ja ciki, sai ƙasan ƙafar ya matsa gaba. Riba biyu ke nan, kasta ta ƙaru, tayar kuma ta nisanci madigadi ta baya inda take gogawa. Ka ce musu kana son kasta 2 zuwa 3, bambancin hagu da dama kada ya wuce rabin digiri, kamba kusa da sifiri, bakin tayoyi ya shigo ciki milimita 1 zuwa 2 gaba ɗaya. Su buga maka takardar kafin da bayan aiki. Wurin da ba su da na'urar da ke nuna kasta, ka gode musu ka wuce.

Amma gaskiya a inci 3, faifan nan da wuya ya kai. Za a samu kasta a rasa kamba, ko a samu kamba a rasa kasta. Hannun sama na kamfani iyakarsa wajen inci 2 ne, milimita 50. Sama da haka sai hannun da aka ƙera don motar da aka ɗaga, wanda boljoyin ɗinsa ya koma baya kuma kusurwarsa ta gyaru. Na roƙe ka kada wani mai walda ya ce zai yanka naka ya ƙara masa tsawo. Wannan ƙarfen rai yake riƙe da shi.

Bugun da kake ji a rami ma daga nan ne. Shokozoban Hilux a tsakiyar hannu yake zaune, ba a bakin taya ba, don haka sifesa mai kauri milimita 25 tana ɗaga mota kusan 50. Mai ɗaga inci 3 ta kai wajen 40. Da taya ta faɗa rami, ƙafa na saukowa har hannun sama ya daki sifirin, boljoyin ya ƙure, shaf ɗin da ke juya tayar ya karye kusurwa. Juya sitiyari ka haska sifirin ɗin gaba, wajen zagaye na biyu ko na uku daga sama. In ka ga wani wuri fenti ya kankare ƙarfe na ƙyalli, ga mai bugun nan. Duba robar shaf ma, in ninkinta na gogar juna ko giris ya fantsama, kwananta ya kusa.

Ga awon da nake so. Da tef, daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, duk ƙafa huɗu, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. Daga tsakiyar wili nake cewa, ba daga ƙasa ba, don girman taya kada ya shiga lissafi. Sai a sa jak a shasi a ɗaga har taya ta bar ƙasa, a sake aunawa. Bambancin shi ne sauran saukar ƙafa. In bai kai milimita 60 ba, tayar ba ta da inda za ta bi ƙasa, a gargada sama take kwana, taya a sama kuwa ba ta jin sitiyari ba ta jin birki. Ni a ganina, maimakon bin sifesar nan da kuɗi, a cire ta a sauko inci 2 da sifirin da shokozoban da aka yi su tare. In hakan ta sa 285 na gogawa, 265/70 ta fi zama lafiya a motar nan.

Wani abu kuma, tambayi wanda ya yi aikin: da ya ɗaure ƙusoshin hannun ƙasa da na sifirin ɗin baya, motar na rataye ne ko tana ƙasa? Bushin roba ba juyawa yake ba, murɗewa yake. In an ɗaure a rataye, da an sauke mota robar ta murɗe ke nan har abada, mota ta yi tauri, wata kaɗan ta yage. A sassauta, a sauke, a girgiza motar, sannan a ɗaure.

Murya ta uku

Baya kuma. Bulo na nisanta aksul daga sifirin, sai ka taka totur aksul ya nemi nannaɗewa. Fara da yu-bol: in tsofaffin aka mayar, ko sababbi ne ba a sake ɗaure su bayan kilomita 500 na farko ba, aksul na iya zamewa, mota ta riƙa tafiyar kaguwa. Auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa na baya, hagu da dama su zo ɗaya. Shokozoban baya in na asali ne, ya gajarce yanzu, shi ke sa gindin motar tsalle gefe a hanyar Bokkos. A nan kam za ka iya sayen dogo, amma bayan awo. Tiyon birki da wayar ABS su ma a duba, kada su miƙe tsam in an ɗaga.

Karkarwar tashi, daga gudun 10 zuwa 30, farfela ce, wato doguwar sandar da ke kai juyi zuwa aksul ɗin baya. Gida biyu ce, da boris a tsakiya, ɗagawa ta karya mata layi. A sauko da boris ɗin tsakiya da sifesa, a fara da milimita 5, a gwada, a ƙara har 10 ko 15. In ba ta daina ba a sa ƙarfen gyaran kusurwa mai digiri 2 tsakanin sifirin da aksul. A buga mata giris, mutane na mantawa da ita.

Na kusa mantawa, kuma shi ya fi ba ni tsoro tunda ka ambaci Hawan Kibo. In motarka ba mai ABS ba ce, akwai wani bawul a shasi ta baya da doguwar sanda zuwa aksul. Aikinsa ya ji nauyin kaya ya ƙara wa baya birki. Da aka ɗaga motar, shi a tunaninsa babu kaya ko da ka loda buhun dankali goma, sai ya rage birkin baya, gaba ya ɗauki aikin shi kaɗai har ya yi zafi a gangara. A ɗaga mariƙin sandar a jikin aksul daidai milimitar da aka ɗaga motar. Kafin a yi wannan, kada ka sauka gangaren nan da kaya, in ma dole ne to a giya ta biyu.

Ƙarin da wani ɗan'uwa ya turo daga Apo

Salamu alaikum. Oga ya gama magana, ƙari kawai ga masu Land Cruiser 79 da 80, don gabansu aksul guda ne, ciwonsu daban. Ɗagawa na juya aksul ɗin gaba, inci 2 na cin kasta kusan digiri 2, ana mayar da ita da bushin mai karkataccen rami a dogayen hannuwan. Sandar da ke riƙe aksul a kwance, fanhad, tana janye shi gefe guda, sai a sa mai ƙari da ragi. In kuma ka taka rami a gudun 70 ko 80 sitiyari ya kama kaɗawa kamar zai fizge, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe da kyau, kada ka danna birki da ƙarfi. Masu laifin su ne bushin fanhad da ƙusarsa, tayarod, boris ɗin wili, da boris ɗin sama da ƙasa na ƙwallon aksul, sai balansin. Sabon shokozoban sitiyari rufe bakin ciwon yake yi na ɗan lokaci, a bar shi ƙarshe.

Oga ya sake shigowa

Madalla. Alhaji, kafin ka aika yaro Dilimi sayen kaya, turo mana lambobi takwas ɗin nan na tef, hoton sifirin ɗin gaba, hoton ƙusoshin hannun ƙasa, da abin da aka rubuta a bayan wilin, wato ET da lambar da ke biye, mai nuna yadda wilin ya shige ciki ko ya fito waje. Na kamfani wajen 30 ne. In naka sifiri ne ko ƙasa da sifiri, akwai sauran magana kan wilin ma.