Tirela tana kaɗa wutsiya a bayan Hilux: laifin wa?

Habu, ka tambaye ni abin da ya sa ƙaramar tirelar nan ta riƙa kaɗa wutsiya a bayan Hilux daga Bukuru zuwa Mararabar Jama'a, ka ce ko motar ce ba ta da ƙarfi. Ƙarfin mota bai shigo cikin wannan magana ba. Na duba yadda kuka yi lodin: kun tura janareto can ƙarshen baya don ya yi sauƙin saukewa, kuka bar gaba da katifu da bokitai. Daga nan matsalar ta taso.

Ka taɓa tura kura a Farin Gada, ka san idan aka jibga buhunan dankali a can nesa da hannu, sai hannun ya ɗaga sama, kurar ta ƙi jin maganarka. Haka tirela take. Kaya mai nauyi wurinsa ƙasa, a kan tayoyi da ɗan gabansu, wajen kashi 60 cikin 100 na lodin ya kasance gaban tayoyin. Abin da ake so shi ne wuyan tirelar ya danne ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota da kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinta duka. In tirela da kayanta sun kai kilo 1,000, to wajen kilo 100 ke nan a kan ƙwallon. Idan ka iya ɗaga wuyan da hannu ɗaya bayan an gama lodi, kada ka tayar da mota, a sauke a sake. In kuma ka ga bayan motar ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, an wuce gona da iri: sitiyari zai yi maka sakayau, da dare kuma fitilunka su riƙa kashe wa masu tahowa ido. Sannan a ɗaure komai tamau. Kayan da ke zamewa yana iya komawa baya a rami na farko ya ɓata maka lissafi.

Ranar da ta fara kaɗawa kana kan titi, ƙafarka za ta so ta taka birki, hannunka zai so ya bi ta da sitiyari. Ka hana su duka biyun. Riƙe sitiyari sak, ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka bar gudun ya mutu da kansa, sa'annan ka nemi gefe ka tsaya ka gyara lodi. Wasu direbobi za su ce maka ka ƙara wuta ta miƙe. Kada ka saurare su, gudu ne abincin wannan kaɗawar.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Injin Hilux zai ja abin da birkinta ba zai iya tsayarwa ba. Tirelar da ba ta da birkin kanta, kamar yawancin waɗanda masu walda ke ƙera mana, iyakarta kilo 750, har da nauyin ita tirelar. In ita kaɗai kilo 250 ce, buhun siminti goma kacal ya rage maka. Kilo 3,500 da kake ji ana faɗa, wannan na wasu sababbin samfura ne, kuma sai tirelar tana da birki. Kowace mota da adadinta a littafinta, shi za ka bi, ba abin da mai kaya ya ce ba.

Mu da ke Jos kuma kusan duk inda muka nufa gangara ce. Garin yana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma wanda zai je Abuja ta Akwanga sai ya sauka Hawan Kibo. Tun kafin ka shiga gangaren ka dawo giya ta biyu ko ta uku, ka bar inji ya riƙe motar. Birki kuwa ka taka shi da ɗan ƙarfi, ka saki, ya sha iska. Wanda ya ɗora ƙafa a kai tun daga sama, kafin ya kai rabi zai ji ƙauri, ya taka ya ji motar ba ta amsawa, ga tirela tana tunkuɗo shi ta baya. Kuma har abada kada ka sa firi don tsimin mai. Tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba, ninka ta.

Wajen haɗawa, ƙarfen jan tirela dole ne ya kasance ɗaure a jikin shasi da notina, ba a liƙe da walda a jikin bamba ba. Ƙwallon da muka fi gani mai milimita 50 ne, amma tirelolin da aka shigo da su daga Amurka suna zuwa da wani awo, ka tabbata bakin wuyan tirelar ya zauna daram a kan ƙwallon, ka kulle, ka sa fil. Sarƙoƙi biyun nan da ke haɗa tirela da mota ka gitta su a ƙarƙashin wuyan, ta yadda ko ya kuɓuce zai faɗa a kansu maimakon ya caki kwalta. Ka bar musu sararin shan kwana, amma kada su ja ƙasa. Ka sa wani ya tsaya a baya ka gwada fitilar birki da sigina. Ba don tsoron jami'an kiyaye haɗurra kaɗai ba, akwai ɗan acaɓa a bayanka da ba ya ganin fitilun motar.

A kwana ka buɗa sosai, don tayoyin tirela suna yanke hanya ta ciki. Bayan kamar kilomita 20 ka tsaya, ka sake jan igiyoyi, ka kai bayan hannunka kusa da cibiyar kowace taya. Ɗumi ba komai, amma in zafin ya hana ka taɓawa, boris ne ya bushe, yana neman giris.

Ribas kuwa ba a koyonsa da baki. Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba kafin gareji ya cika, ka fito da tirelar babu kaya. Za ka ɗora hannu a ƙasan sitiyari, duk gefen da hannunka ya yi can bayan tirelar zai nufa. Ka zo da tsofaffin tayoyi huɗu mu jera su a fili.